Jan Ɗigon da Ban Shigar a Kwamfuta Ba

Assalamu alaikum Anti Zubaida. Don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Saura mako uku wani kwamiti ya yanke wa wani dattijo hukunci a kan laifin da ni na aikata, kuma ba wanda na faɗa wa sai mijina. Ki sakaya sunana. Sunayen da zan ambata ma na canza su.

Ni ma'aikaciyar laburare ce a wata kwaleji a nan ƙasar Daura, shekara tara ke nan. Na san mutane suna ganin aikinmu bai wuce kaɗe ƙura da hana ɗalibai surutu ba. Babban aikina shi ne katalog, wato rajistar da ke nuna kowane littafi da muke da shi, wanda ya wallafa shi, da kantar da yake. Da can a kan kati ake yi, kowane littafi da katinsa, a jere cikin durowoyin katako. Shugabanmu, wanda zan kira Malam Zailani, shi ya rubuta yawancin katunan da hannunsa cikin shekara talatin da ɗoriya. Aminin mahaifina ne, Allah ya jiƙan rai. Shi ya yi mini hanyar aikin, shi ya koya mini shi, kuma shi ya karɓi sadakina ranar aurena. Baba nake ce masa har a ofis.

Shekara huɗu da suka wuce aka kawo kwamfutoci, aka ce a kwashe abin da ke cikin katunan a zuba a ciki. Ni aka ɗora wa, don an ce ina da saurin hannu. Kati dubu goma sha ɗaya da wani abu, Anti. Ina cikin yi na lura wasu katunan sashen Larabci suna da ɗan jan ɗigo a kusurwar sama, na jan biro, bai fi ƙwayar gero ba. Na tambayi Baba, ya yi dariya, ya rufe ƙofa ya yi mini bayani.

Ashe tun kafin in fara aiki iyalan wani malami na Baure, marigayi Malam Abdulmuhaimin, sun ba kwalejin littattafansa wakafi, guda talatin da bakwai, duk rubutun hannu, wasu nasa wasu na mahaifinsa. Baba yana tsoron masu farautar tsofaffin rubuce-rubuce. Ya ce littafin da aka kulle a kabad mai gilashi shi ɓarawo yake fara nema. Saboda haka ya sa aka yi musu baƙaƙen bango irin na sauran littattafai, ya manna musu lamba a gadon baya, ya cusa su a tsakanin bugaggu. A kan katin ma suna da mawallafi kawai ya rubuta, domin kwafe-kwafe ne na littattafan fiƙihu da nahawu da kowa ya sani. Jan ɗigon nan kaɗai ke cewa wannan na hannu ne, ba a ba da aronsa, ba a fitar da shi. To fom ɗin da nake cikawa a kwamfuta ba shi da gurbin ɗigo. Na ce a raina in na gama zan dawo in rubuta bayaninsu ɗaya bayan ɗaya. Ban dawo ba. Aiki ya bi aiki, na yi haihuwa, na manta.

Bara kwaleji ta yi rajista da rumbuna uku na littattafan intanet. Hukuma ta ce in gwada ukun da juna a ga inda suke maimaita abu ɗaya, don a ajiye wanda ba ya ƙara komai. Sannan in gwada su da abin da ke kan kantocinmu, duk littafin da yake a intanet a sauke shi, a samu wurin jera kwamfuta arba'in kafin masu tantance kwasa-kwasai su iso. Akwai manhajar da ke yin gwajin. Tana haɗa littafi da ɗan uwansa ta lambar nan da kamfanin ɗab'i yake bugawa a bayan bango. Tsohon littafin da ba shi da lamba kuwa, sai ta haɗa shi ta suna da mawallafi. Mutumin da ya zo daga Katsina ya koya mana ya ja kunnenmu har sau biyu, ya ce duk wanda aka haɗa ta suna kaɗai sai an je kanta an buɗe shi an gani da ido.

Ɗari huɗu da goma sha biyu ne irin waɗannan. Na duba saba'in da 'yan kai, duk daidai. Saura kwana tara baƙi su zo, mataimakin shugaban kwaleji yana leƙowa safe da yamma yana tambayar ina aka kwana, ga autata ba lafiya. Sai na bi sauran na yi musu alamar an duba ina zaune a kujerata. Wallahi tallahi jan ɗigon nan bai faɗo mini a rai ba ko sau ɗaya.

A lokacin yanar ido ta kama Baba, ba ya ganin ƙananan rubutu, yana shirin tafiya Kano a yi masa aiki. Na kai masa takardar da ke ɗauke da adadin littattafan da za a sauke. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko na duba su duka da idona. Na ce na duba. Ya laluba ya sa hannu, ya sa mini albarka, ya tafi. Leburori suka bi lambar gadon baya suka kwashe, suka jibge a tsohon sito da ke bayan ɗakin kwanan ɗalibai. Watan Yuni ne. Baƙi suka zo suka yaba, har aka karanta sunana a taro.

Wata biyu da suka wuce sai ga Hajiya Amatullah, 'yar Malam Abdulmuhaimin, ta haura shekara tamanin, 'ya'yanta sun kawo ta daga Baure. Ta ce ba komai take so ba illa ta ga shafin da mahaifinta ya rubuta ranar haihuwarta da sunayen 'yan uwanta da suka rasu suna jarirai, kafin ita ma ta tafi. Baba ya tashi da murnarsa, idonsa ya warke, ya yi mata jagora da kansa. Ina biye da su. Na ga yatsansa yana bin kanta, ya je ƙarshe, ya dawo, ya sake bi. A nan ne abin ya faɗo mini. Na zame na tafi inda aka jingine tsofaffin durowoyi, na zaro katunan jan ɗigo, na gwada da jerin littattafan da aka sauke da ke cikin kwamfutata. Talatin da ɗaya suna ciki. Shida ne suka tsira, don kawai babu sunansu a rumbunan intanet.

Na ruga sito na tarar da shi fayau, an share. Na nemi Kabo, shugaban leburori, na tambaye shi a fakaice. Ya ce ai kwanon sito yana yoyo, damina ta jiƙa komai, gara ta gama da saura, da kaka aka ba su umarnin kwashewa. Na boko sun kai bola. Masu rubutun Larabci kuwa, da ya ga sun dagargaje sun manne, ya ƙi yarda a zubar da sunan Allah inda za a taka, ya ware su da hannunsa ya ƙone, ya binne tokar a bayan masallacin kwaleji. Yana ba ni labari fuskarsa a sake, yana fatan lada. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yau bai san abin da ya ƙone ba.

Kuma Anti, abin da ke intanet bugun ƙasashen Larabawa ne, tsaf-tsaf. Babu gefen shafin da Malam Abdulmuhaimin ya cika da ajami, inda ya rubuta shekarun yunwa, da yadda aka raba rigimar iyakar gonaki, da sunayen waɗanda suka yi karatu a gabansa. Manhaja ta ce abu ɗaya ne, ni kuma na yarda da ita don na gaji.

Ranar da Baba ya rasa littafin a kan kanta, Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a benci ta nemi ruwa, ta ce ita dai amana ta bayar, ta tashi. 'Ya'yanta ne suka rubuta wa hukuma ƙara. Aka kafa kwamiti, aka dakatar da Baba, saura wata takwas ya yi ritaya. Kwamiti ya buɗe katalog na kwamfuta bai ga an ambaci rubutun hannu ko ɗaya ba, ya kuma ji labarin baƙaƙen bango, sai ya ce ai wannan shiri ne na wanda ya daɗe yana niyyar sata. Dabarar da ya yi don ya tsare su ita ta zama hujja a kansa. Takardar da ke fayil adadi kawai ta nuna, da sa hannunsa. Jerin sunayen yana wurina, ba wanda ya tambaya.

Yanzu gari ya ɗauka wai ya sayar wa dillalai sun bi da su ta Mashi sun tsallaka Nijar, wai da kuɗin aka yi masa aikin ido. Mutumin da ya shekara ashirin yana jan salla a masallacin unguwarsu can wajen Kusugu, wasu suka fara jinkirta shiga sahu sai ya sallame. Ya lura, ya bar limancin da kansa. A gaban kwamiti abin da ya ce kawai shi ne shi ya sa hannu, alhakin nasa ne. Mako biyu da suka wuce jininsa ya hau ya faɗi a tsakar gida, yanzu hannunsa na hagu ba ya ɗaguwa sosai. Na je dubiya. Ya tambaye ni yara, ya tambayi jikin autata. Bai ce mini komai a kan littattafai ba, ni ma ban ce ba. Na fito na tsaya a zaure ina kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa.

Katunan nan talatin da ɗaya na kwaso su, suna ƙasan akwatin zannuwana. Mijina Sadiq ya ce in ja bakina in yi shiru. Ya ce abin da wuta ta ci ba ya dawowa, Baba dama barin aiki zai yi, mu kuwa yara huɗu gare mu kuma shagonsa ba ya tafiya, albashina ne cefane. Ya ce in na yi magana har Kabo sai an kora, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ba mugu ba ne mijina, tsoro yake ji, ni ma shi nake ji. Na yi tunanin in rubuta wa kwamiti wasiƙa ba suna. Na yi tunanin in mayar da katunan inda wani zai tsinta. Abinci ba ya shiga, in na ɗaga hannu zan yi addu'a sai in ji kunya ta kama ni. Anti, ni 'yasu, yaya zan yi?

Taki cikin damuwa,
Mai Katalog, daga Daura

Wa alaikumus salam 'yata Mai Katalog. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba, don lokacinki kaɗan ne.

Bari in fara rage miki kaya, domin kin ɗauki har da wanda ba naki ba. Hukumar da ta ɗora wa mutum ɗaya wannan aiki tana azalzalarsa safe da yamma tana da nata kaso. Wanda ya jibge littattafai a sito mai yoyo a farkon damina ya manta da su yana da nasa. Babanki ma, duk da kyakkyawar niyyarsa, ya rataye amanar mutane a kan ɗigon biro da ƙwaƙwalwar mutum biyu, sannan ya sa hannu a takardar da bai iya karantawa ba. Kabo kuwa ya yi abin da iyayenmu suka koya mana ne game da rubutun da ke ɗauke da sunan Allah, ba wanda ya gaya masa akwai abin da za a ceta. Mantuwar ɗigo ajizanci ne, kowa yana yi.

Naki guda biyu ne. Na farko, dattijo ya tambaye ki ko kin duba, kika ce kin duba alhali ba ki duba ba. Na biyu shi ne shirun nan, kuma ya fi na farko nauyi nesa ba kusa ba. Littattafai sun ƙone sau ɗaya an gama. Mutuncin Malam Zailani kuwa kullum ake ci, duk safiyar da kika wayi gari katunan nan suna ƙasan akwatinki.

Akwai abin da nake ganin tsoro ya hana ki gani. Mutumin da ya ɗiga jan biron nan da hannunsa, ya rufe ƙofa ya gaya miki sirrinsa, ya san wadda ta zuba katuna a kwamfuta, ya san wadda ta kawo masa takarda, kina zaton bai haɗa lissafin ba? Ban shiga zuciyarsa ba, amma ina kyautata zaton ya sani tun ranar da yatsansa ya bi kantar. Da ya so, kalma ɗaya zai faɗa wa kwamiti su nemi jerin da ke wurinki. Ya gwammace a kira shi ɓarawo da a taɓa 'yar amininsa. Wannan karamcinsa ne, amma ke bai halatta ki karɓa ba, domin da lafiyarsa yake biya.

Maigidanki ba shi da laifi don ya ji tsoro. Yara huɗu ba wasa ba ne, kuma ba zan yaudare ki in ce aikinki ba zai taɓu ba. Mai yiwuwa a ba ki takardar gargaɗi, mai yiwuwa a rage miki matsayi, mai yiwuwa abin ya fi haka. Sai dai ki tuna masa cewa sakaci da sata ba hukuncinsu ɗaya ba, wanda ya kawo kansa kuma ba a yi masa kamar wanda aka kamo. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kabo yana da baki, bai san akwai abin ɓoyewa ba, ranar da ya ba wani labarin tokar nan a wajen shan shayi magana ta fito, a tarar da katuna a gidanki, to a ranar ba mai sauraron uzurinki. Ki kuma tambaye shi, da mahaifinsa ne aka daina bi salla a kan abin da bai yi ba, wace shawara zai so a ba wadda ta san gaskiya?

Wasiƙa marar suna ki bar ta, haka ma ajiye kati inda za a tsinta. Za su ƙara rikita magana ne kawai, a ce mutanen Malam Zailani ne suke ƙulle-ƙulle.

Ki fara da Babanki. Ku je ke da maigidanki, da katunan a hannu, ki durƙusa ki faɗa masa komai da bakinki, har da inda tokar take. In ya ce ki rufa wa kanki asiri, kuma ina jin zai ce, ki ba shi haƙuri ki ce wannan karon ba za ki bi umarninsa ba. Daga nan ki zauna ki rubuta wa kwamiti bayani da sunanki da sa hannunki, kwanan wata bayan kwanan wata, ba ƙari ba ragi. Ki haɗa da jerin da ke kwamfutarki da katunan, bayan kin ɗauki hotonsu kin ajiye. Ki faɗi wa'adin da aka ba ki da halin da sito yake ciki, don gaskiya ne, amma kada ki fake da su. Kafin ki miƙa, ki nemi wakilin ƙungiyarku ta ma'aikata ya raka ki. Ki kira Kabo gefe ki sanar da shi tun kafin ya ji a bakin kwamiti, ki kuma rubuta ƙarara cewa umarnin share sito aka ba shi, kuma abin da ya tarar ya riga ya lalace.

Ki roƙi kwamiti ya wanke Malam Zailani a rubuce. Takarda ba ta zuwa masallaci da ƙafarta, saboda haka maigidanki ya samu dattawan unguwar ya gaya musu, tunda a can aka fi yi masa ciwo. Hajiya Amatullah ma tana da hakki a kanki. Ki je Baure ki same ta. Shafin haihuwarta ba zai dawo ba, kuma tana iya ƙin kallonki, ki jure. Amma sanin cewa rubutun mahaifinta yana binne a bayan masallaci ya fi mata sauƙi a kan zaton yana hannun dillalai, za ta kuma san wanda ta ba amana bai ci ba. Shidan da suka rage kuwa, gobe in kin shiga ofis ki rubuta a katalog cewa na hannu ne, ki sa a ɗauki hoton kowane shafi.

Kin ce saura mako uku. Wannan lissafin kwamiti ne, 'yata. Dattijon da jini ya riga ya kayar sau ɗaya ba wanda ya yi masa alkawarin mako uku. Ki je yau ko gobe, tun kunnensa yana ji, bakinsa yana iya cewa ya yafe. Allah ya ba shi lafiya, ya wanke shi a idon jama'a yana raye, ke kuma ya ba ki ƙarfin hali, ya rufa miki asiri da ke da 'ya'yanki.

Anti Zubaida